Tsoro da Ƙwalla a Gaban Allon Waya: Abin da Ke Raba Ra'ayin Masu Kallon Fim a Gombe

Duk wanda ke zama a majalisun matasa a Gombe, ko a Jekadafari ne ko Pantami ko Tudun Wada, ya san cewa musu a kan fim ya kusa kamo musu a kan ƙwallo. Mutum biyu za su kalli fim ɗaya na ban tsoro a dare ɗaya, da gari ya waye ɗaya ya ce bai runtsa ba, ɗayan kuma ya ce shi dariya ma abin ya ba shi. Haka lamarin yake a ɓangaren fina-finan zaman iyali masu dogon zango, inda wata za ta ce sai da ta yi ƙwalla, wata kuma ta ce an cika jan rai, labarin da ya kamata ya ƙare a zango ɗaya an kai shi zango biyar. Galibi a nan musun yake tsayawa, a kira wancan matsoraci, a kira wannan mai taurin zuciya, kowa ya kama gabansa. Ni a nawa ganin, ba jarumtaka ba ce take raba masu kallo. Abin da ke raba su shi ne yadda labarin ya kusanci abin da suka yi imani da shi ko rayuwar da suke ciki, kuma idan aka bi wannan zare har ƙarshensa za a tarar cewa a wurinmu fim ɗin tsoro da fim ɗin tausayi sun haɗu a wani wuri da ba mu cika lura da shi ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne jiki ba ya jiran hankali. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala, wanda aikinsa shi ne ankarar da jiki da zarar ido ko kunne ya ci karo da abin da ya yi kama da haɗari. Kafin mutum ya gama tuna cewa fim yake kallo, sinadarin adrenalin ya riga ya bazu a jininsa, zuciya ta hau bugawa, tafin hannu ya jiƙe, tsigar jiki ta tashi. Masu shirya fina-finan tsoro, waɗanda matasa ke kira horo, sun san wannan sarai, shi ya sa suke barin wuri ya yi tsit na ɗan lokaci, kyamara tana bin bayan jaruma a hankali, sannan su saki ƙara mai ƙarfi tare da wata fuska. Wannan zabura kowa yana yin ta, har wanda zai zo majalisa da safe ya ce shi ko gezau, amma ba ta kwana a zuciya. Wanda yake son tabbatarwa ya rage sautin wayarsa gaba ɗaya ya sake kallon wurin da ya firgita shi, zai ga yawancin tsoron a kunne yake.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce me zai sa mutum da hankalinsa ya sayi data don ya tsorata kansa. Amsar tana kusa da dalilin da ya sa muke cewa mai tsire ya ƙara yaji alhali mun san baki zai yi raɗaɗi: jiki yana jin zafin, hankali kuma ya san babu cutarwa, sai daɗi ya fito daga tsakaninsu. Masu bincike a Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak sun gwada wannan, inda suka ɗaura wa mutane na'urar auna bugun zuciya suka shigar da su wani gidan wasa da aka tsara don tsorata baƙi. Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna cewa jin daɗi yana ƙaruwa tare da tsoro har zuwa wani matsayi, idan tsoron ya wuce nan sai daɗin ya faɗi. Ke nan wanda ya ce fim bai yi ba saboda babu tsoro, da wanda ya ce bai yi ba saboda tsoron ya yi yawa, dukkansu gaskiyar jikinsu suke faɗa, sai dai ma'aunin kowa daban ne.

Abin da ke ɗaga wannan ma'auni ko ya sauke shi shi ne imani, kuma a nan ne maganar take da faɗi. Matashi a Bolari zai kalli fim ɗin Amurka ko na Koriya inda gawarwaki suka tashi suna bin mutane suna cizo, ya kalle shi kamar fim ɗin faɗa, yana lissafin wa zai tsira. Babu abin da zai hana shi barci, domin a garinsu ana wanke mamaci a yi masa salla a binne shi cikin 'yan sa'o'i, kuma bai taɓa jin wani babba da yake girmamawa ya ce gawa tana tashi ta ci mutum ba. Haka fatalwar da ke zaune a wani tsohon gidan katako a dajin Turai, ko mai shan jini da ke kwana a akwatin gawa; duk baƙi ne, ana kallonsu daga nesa. Amma a Amurka kanta, lokacin da aka fitar da The Exorcist a 1973, an ba da rahoton mutane suna suma a gidajen silima, saboda labarin yarinyar da shaiɗan ya shiga jikinta da limaman cocin Katolika da suka zo fitar da shi ya taɓa abin da jama'ar wurin suka taso suna ji a wuraren ibadarsu.

Mu namu ya iso ne daga ƙasashen Musulmi. Masu shirya fim a Turkiyya da Malesiya da Indunusiya, irin su daraktan Turkiyya Hasan Karacadağ da ya fara jerin fina-finan Dabbe a 2006, sun gano cewa ba su da buƙatar aron dodannin Turawa, tunda masu kallonsu sun yi imani da aljanu da sihiri. Fim ɗin Siccin na 2014 labari ne na macen da ta je wurin matsafi don ta mallaki wani ɗan danginsu mai aure ta hanyar cutar da matarsa. Munafik na Malesiya, wanda ya fito a 2016, jaruminsa malami ne mai yin ruƙiyya. Idan Bahaushe ko Bafulatanin Gombe ya kalli irin waɗannan, zai ji kiran salla irin nasa, ya ga mata da lulluɓi, ya ga an tono laya a ƙarƙashin ƙasa, ya ji ana karanta ayoyin da ya haddace tun yana makarantar allo. Samuwar aljanu ba abin musu ba ce a wurinsa, sura ta 72 a Alƙur'ani sunansu take ɗauke da shi. Don haka kariyar da ke cewa ai fim ne kawai ba ta aiki yadda ya kamata, kuma maganar da ake yawan ji daga bakin waɗanda suka kalla ita ce, "Wannan ba fim ba ne, abin da ke faruwa ne."

Ana ganin tasirin a tsakar gida bayan an kashe waya. A yawancin gidajenmu na cikin gari banɗaki yana can ƙuryar gida, sai an ratsa tsakar gida a wuce gindin darbejiya kafin a kai gare shi, kuma sau da yawa an ɗauke wuta. Yarinyar da ɗazu take leƙen fim ta kafaɗar yayarta za ta tsaya a bakin ƙofa da buta a hannu tana cewa, "Adda, don Allah ki raka ni," ita kuwa Addar ta ce ta bari sai da safe, domin ita ma ba za ta iya fita ba. Igiyar shanya da zane a kanta ta koma mutum a tsaye, kukan mage a kan katanga ya koma wani abu daban. Wanda dannau ya taɓa kamawa, wato ya farka ya kasa motsi yana jin nauyi a ƙirjinsa, a wannan daren zai ɗauki abin a matsayin tabbaci, ko da yake likitoci sun bayyana shi da cewa ƙwaƙwalwa ce take farkawa kafin jiki ya fita daga halin da yake shiga lokacin mafarki, kuma ƙarancin barci yana ƙara jawo shi.

Wasu za su ce ai mun taso da tatsuniyoyin Dodo kuma babu abin da ya same mu. Gaskiya ne, amma mai ba da tatsuniya kaka ce, yaro yana jingine da cinyarta, tana kallon fuskarsa, idan ta ga tsoron ya yi yawa sai ta sassauta murya ko ta kawo Gizo ya ba da dariya, a ƙarshe ta rufe da ƙurunƙus. Yaron yau shi kaɗai ne a cikin bargo da abin sauraro a kunnuwansa biyu, babu mai ganin fuskarsa.

Ta fuskar addini ma ra'ayi ya rabu. Akwai masu cewa irin waɗannan fina-finai suna tunatarwa, domin mutumin da ya daɗe da sakaci da azkar yana komawa ga Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi kafin ya kwanta. Akwai kuma masu cewa waswasi suke shukawa, suna kambama ƙarfin aljani da boka fiye da yadda nassi ya nuna, suna haɗa karatun Alƙur'ani da kiɗan tsoro, har mai rauni ya fara jin tsoron ayar da aka saukar don ta kwantar masa da hankali. Na fi karkata ga na biyun. Azkar ɗin da firgici ya kawo yakan tafi tare da firgicin bayan 'yan kwanaki, amma hoton da ya nuna cewa boka yana iya juya rayuwar mutum yadda ya ga dama yana daɗewa.

Fina-finan tausayi da zaman iyali tafiyarsu daban ce, kuma su ne ainihin abin da gidajenmu ke kallo. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So suka karɓu daga 2020, fim mai dogon zango ya zama abin da ake jira mako-mako, a kalla tare, a kwana ana tattauna shi a gidan biki da wurin kitso da cikin Keke Napep. Wannan kallo na tare yana da nasa bayanin. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Farfesa Robin Dunbar, sun nuna wa rukunin mutane wani fim mai sosa zuciya, wani rukunin kuma suka nuna masa shirin bayani mara motsa rai. Bayan kallon sai aka sa kowa ya jingina bayansa da bango ya durƙusa kamar yana zaune a kujera alhali babu kujera, a ga tsawon lokacin da zai jure. Waɗanda fim ɗin ya taɓa zuciyarsu sun fi jure zafin fiye da yadda suka yi kafin kallo, kuma sun ce sun fi jin kusanci da waɗanda suka zauna da su. Masu binciken sun danganta hakan da sinadaran da ƙwaƙwalwa ke saki don rage raɗaɗi. Wannan ya bayyana dalilin da mace za ta share hawaye da bakin mayafi sannan ta ce fim ɗin ya yi daɗi, ba tare da ta yi wa kanta ƙarya ba.

A nan ma kusanci ne alƙali. Matar da ta taɓa zama da uwar miji mai tsanani ba za ta kalli wurin da aka wulaƙanta suruka yadda budurwa 'yar jami'a za ta kalle shi ba. Magidancin da ya rasa aiki zai yi shiru a wurin da matasa ke cewa labarin ya yi sanyi. Kusancin yakan yi yawa har wasu su kasa raba ɗan wasa da rawar da ya taka, su bi shi da zagi a Facebook da TikTok saboda muguntar da marubuci ya rubuta masa. Ma'aunin da muka fi amfani da shi wajen yanke hukunci kuwa shi ne tambayar nan ta "Wane darasi ya koyar?" Tambaya ce mai kyau, amma ta zama ƙofar da ake bi a wuce da komai. Za a shafe makonni ashirin ana nuna dalla-dalla yadda ake ƙulla makirci, yadda ake raba miji da mata, yadda ake juya tunanin namiji, sannan a mintuna biyar na ƙarshe muguwar ta haukace ko ta zo tana neman gafara, sai a ce an faɗakar. Mai kallo ya fi riƙe abin da ya gani na makonni ashirin fiye da wa'azin mintuna biyar.

Wurin da nau'o'in biyu suka haɗu shi ne ɗakin boka. Masana'antar Kannywood, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na 1990, ta fi karkata ga soyayya da rikicin gida, kuma fim ɗin tsoro zalla bai yi yawa a cikinta ba. Inda aka gwada, sau da yawa abin da ake samu shi ne farar hoda a fuska, jan ƙyalle, hayaƙi, da dariya mai amsa-kuwwa, sai aljanin ya fito fili ya tsaya yana dogon jawabi. Da zarar an nuna shi baki ɗaya tsoro ya ƙare, domin abin da ido ya gama gani ba ya kai abin da zuciya ke ƙiyastawa. Wannan ne ya sa matasa ke cewa Hausawa ba su iya fim ɗin horo ba. Amma a cikin fim ɗin zaman iyali, idan aka nuna kishiya ta shiga kicin ta waiga hagu da dama, ta kwance ƙullin leda daga haɓar zaninta ta barbaɗa a miyar maigida, babu mai dariya. Falon yakan yi tsit, wata ta ce "Innalillahi," wata ta ce "Wallahi ana yi." Wannan shi ne fim ɗin tsoronmu na gaskiya, sai dai ba a rubuta masa sunan ba, don haka babu wanda ke shirya masa. A kudancin ƙasar nan ma haka aka faro, domin Living in Bondage na 1992, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar fina-finan bidiyo ta Nollywood, labari ne na magidancin da ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, sannan fatalwarta ta hana shi sakat.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne inda tsoron yake sauka bayan an gama kallo. Tsoron aljanin Turkiyya yana ƙarewa a hanyar banɗaki, amma tsoron ƙullin leda yana sauka a kan mutum mai rai da ake kwana gida ɗaya da shi. Amarya ta yi ɓari, sai ido ya koma ɗakin uwargida. Miji ya rage fara'a saboda bashin da ya yi masa katutu, sai a ce an shiga tsakani. Yaro ya faɗi yana kumfar baki, sai a ce an yi masa turen aljanu, a shafe shekara ana hayaƙi kafin a tuna da asibiti, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan aka gano cutar aka ba su maganin da ya dace. Mafi muni shi ne tsohuwar da ba ta da mai tsaya mata, wadda rikicewar tsufa ta sa take surutai, a wayi gari an ce ita ce ta kama kurwar jaririn maƙwabta, duk da cewa kundin dokokin hukunta laifuffuka na Arewa ya ɗauki jifan mutum da maita a matsayin laifi. Ba fim ne ya ƙirƙiro waɗannan zarge-zarge ba, sun girme shi nesa ba kusa ba, kuma ba na musun samuwar sihiri. Abin da fim yake yi shi ne maimaitawa. A kusan duk labarin da aka kawo zargi, sai ya tabbata gaskiya. Da wuya ka ga fim ɗin da aka zargi kishiya, aka yi bincike, aka tarar hawan jini ne ko ciwon damuwa. Wanda ya ga haka sau ɗari ya koyi cewa zargi hujja ne.

Yara su ne suka fi shiga tsakiya. Binciken Farfesa Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin a Amurka ya nuna cewa ƙananan yara sun fi tsoron abin da ke da mummunar siffa ko da ba zai taɓa faruwa ba, amma da sun fara girma sai tsoronsu ya koma kan abin da zai iya faruwa da su da gaske. A wani nazari da ta yi da Kristen Harrison a 1999 a kan ɗaliban jami'a, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun ce har lokacin suna jin ragowar tsoron wani abu da suka kalla tun suna yara ko matasa. Mu kuwa muna korar ɗan shekara goma idan an sa fim ɗin dodanni, amma muna barinsa ya zauna a gabanmu yana kallon matar uba tana zuba wa marayu magani a abinci, shi kuma a gidan da akwai matar uba yake, kuma daga hannunta zai karɓi tuwon dare.

Hukumomi suna nan. An kafa hukumar tace fina-finai ta ƙasa a 1993, ita ce ke sanya alamar shekarun da suka dace da kowane fim, kamar 12 da 15 da 18, kuma a 2024 ta sanar da ƙa'idoji a kan nuna tsafin kuɗi da kisan tsafi da ƙawata shan taba. Jihar Kano tana da tata hukumar tun 2001. Sai dai hanyar da fim yake bi ya iso hannun yaro a Gombe ba ta ratsa ofishin kowa. Rumfa ce a bakin titi, da benci da kwamfuta da tarin wayoyin caji, yaro ya miƙa memori ya ce, "Hamma, a sa min na horo masu zafi, da fassarar Indiya guda biyu," a tura masa a karɓi kuɗi, babu mai tambayar shekarunsa, shi ma mai turawar bai kalli rabin abin da ke cikin kwamfutarsa ba.

Masu shirya fim suna da uzurinsu, kuma ya kamata a ji shi. Shirin da ke kan YouTube yana rayuwa ne da yawan masu kallo, kowane kashi dole ya ƙare a wurin da zai sa a dawo mako mai zuwa, kuma babu abin da ke riƙe mai kallo da arha kamar ɗakin boka, wanda ba ya buƙatar komai sai ɗaki ɗaya da jan ƙyalle da ƙwarya. Fitowar asibiti kuwa tana buƙatar wurin ɗauka da kayan aiki da marubucin da zai zauna da likita ya tambayi yadda ciwon damuwa bayan haihuwa yake kama mace, abin da take ji, da abin da dangi ke gani daga waje. Ga wanda yake son ya tsorata mu da gaske, wannan labarin ya fi ƙarfi, domin mai jego da ke jin muryoyi cikin dare, mijinta yana cewa asibiti, mahaifiyarta tana cewa ruƙiyya, danginta suna nuna ɗakin kishiya, mai kallo kuma bai san wa ke da gaskiya ba har kusan ƙarshe, ta isa ta riƙe zango guda ba tare da an shafa wa kowa farar hoda ba.